Babur da kaya a gonar kan tudu: gangancin yaro ne, ko da hannun wanda ya aike shi?

Wani Alhaji daga Aboabo a Kumasi ya aiko da tambaya. Yana da gonar rogo da masara da ɗan koko a wani ƙauye gaba da Jamasi, ta hanyar Mampong. Daga inda mota take tsayawa zuwa gonar kusan kilomita 2 ne, hawa da gangara, ɗan ƙanensa da wani lebura ke jigilar taki da amfanin gona a babur mai cc 150. Cikin damina ɗaya sun faɗi sau uku, a na ukun ɗan ƙanen nasa ya karye a hannu. Abokansa sun ce masa rawar kan yara ce, kuma duk wanda ya hau babur ya san kasadar da ya ɗauka. Yana so ya san ko haka ne, kuma ko sayen aboboya, wato babur mai ƙafa uku da akwatin ɗaukar kaya, zai raba shi da wannan fargaba.

Alhaji, Allah ya ba yaron lafiya, ya kiyaye gaba. Amma faɗuwa uku a hanya ɗaya cikin damina ɗaya ta fi ƙarfin a ce rawar kai ce. In mutum biyu daban sun faɗi a wuri guda, hanyar da kayan da babur ɗin ne abin tuhuma kafin a zo kan matuƙi. Kuma waɗannan ukun, tare da lokacin da aka ce lallai kaya su iso, duk a hannunka suke. Yaron da ke ƙarƙashinka, balle ɗan ƙanenka da ke jin nauyinka, ba zai iya buɗe baki ya ce maka "Baba, buhu biyu sun yi yawa" ba. Zai ɗaura ya tafi. Saboda haka kasadar da ake cewa shi ya ɗauka, rabinta kai ka ɗora masa ba tare da ka sani ba.

Doka ma haka take kallon abin. Dokar ƙwadago ta Ghana ta 2003, wadda ake kira Act 651, ta ɗora wa mai ba da aiki alhakin tabbatar da cewa ma'aikacinsa yana aiki cikin yanayin da ba zai cutar da shi ba, har da kayan aiki da horo da kayan kariya ba tare da an cire masa ko kwabo ba. Ta kuma ba ma'aikaci damar janye jikinsa daga aikin da ya ga akwai haɗari na kusa ga ransa, kuma ba a yarda a kore shi ko a riƙe masa albashi saboda haka ba. Dokar diyyar ma'aikata ta 1987, PNDCL 187, ta sa wanda ya ji rauni a bakin aiki yana da haƙƙi a kan mai aikin. A kan titin gwamnati kuma akwai lasisin tuƙin babur na rukunin A daga DVLA, hukumar ba da lasisin tuƙi ta Ghana, da inshora, da hular kwano ga matuƙi da wanda aka goya. Mutane suna ganin da an sauka daga kwalta an shiga hanyar gona shi ke nan an fita daga doka. An fita daga idon ɗan sanda ne kawai.

Yanzu ga aikin kansa. Abu na farko, ka je da ƙafarka ka taka hanyar nan, da sanda mai tsawon mita 1 da awon tela. A duk inda ya fi tsayi, ka kafa bakin sandar a ƙasa ta wajen tudu, ka riƙe ta a miƙe sambal, ka auna daga ɗaya bakin zuwa ƙasa. In ka sami santimita 10, gangara ce mai sauƙi. Santimita 25 kusan digiri 14 ke nan, kuma a jar ƙasa wannan ya riga ya zama aiki. Santimita 33 ya kai wajen digiri 18. Ƙa'idar da muke ba mutane ita ce: babur irin na cikin gari, da kaya a bayansa, kada ya hau ko ya sauka inda ya wuce santimita 25 ko da ƙasa a bushe take. In an yi ruwa, a raba wannan adadi biyu. Ido yana ruɗi a nan ƙwarai. Tudun da ka tsaya a gindinsa kana gani kamar ba komai, in ka hau kansa ka leƙo sai ka ga ashe rijiya ce.

Ƙasar yankin nan tana da halinta. Jar ƙasa mai laka in ta sha ruwa samanta yakan zama kamar an shafa sabulu alhali ƙarƙashinta da tauri, sai lakar ta cika ramukan taya ta mayar da ita sumul. Da rani kuma, daga Disamba zuwa Fabrairu, ƙananan tsakuwan marmara ne ke birgima ƙarƙashin taya kamar an zuba waken soya a siminti. A cikin gonar koko busasshen ganye yana rufe saiwa da rami, kuma inuwa tana hana ƙasa bushewa har azahar. Raɓar safiya a kan ciyawa ta fi ruwan sama yaudara, domin ba wanda yake ɗaukarta da muhimmanci. Damina biyu muke yi a nan, ta Afrilu zuwa Yuli da ta Satumba zuwa Nuwamba, kuma kowane ruwa mai ƙarfi yana sake yanka hanya. Kwazazzabon da babu shi ranar Litinin kana iya tarar da shi ranar Laraba.

Sai kaya, kuma a nan ne muke zargin matsalarka take. Babur mai cc 150 nauyinsa bai wuce kilo 120 zuwa 130 ba. Buhun koko kilo 64 ne, buhun taki 50, jarkar ruwa mai lita 25 kilo 25 ce da ɗoriya. Babban buhun masara yana kai kilo 100, sau da yawa ma ya zarce saboda yadda ake cusa shi. Matuƙi mai kilo 70 da buhun koko ɗaya sun kai 134, wato sun riga sun kusa cika abin da irin waɗannan babura suke iya ɗauka lafiya. Ka duba littafin babur ɗin, adadin yana ciki. In an ƙara buhu na biyu an tashi 198, kuma birkin da ba a ƙera don wannan nauyin ba shi ake so ya tsayar da shi a gangara.

Inda aka ɗora kayan ma ya kai yawansu muhimmanci. Kariyar baya, wato ƙarfen da ake ɗora kaya a kai, tana zaune ne a bayan tsakiyar tayar baya. Duk abin da ka ɗora can yana ɗaga gaban babur kamar yadda yaro mai nauyi ke ɗaga ɗan'uwansa a lilon katako. A fili ba za ka ji sosai ba, sai dai kan babur ya riƙa rawa. A hawa kuwa tayar gaba takan rabu da ƙasa gaba ɗaya, babur ya tashi tsaye ya kifo a kan mai shi, kayan su biyo baya. Buhu ya zauna a kan kujerar fasinja, manne da bayan matuƙi, a kwance, ba a tsaye ba. In za a iya raba shi biyu a rataya hagu da dama ya fi. Jarka biyu a cike, ɗaya kowane gefe, sun fi jarka ɗaya rabi-da-rabi, domin ruwan da bai cika ba yana tangaɗi, ya bugi gefe daidai lokacin da ake karya kwana. Haka tankin feshi na goyo mai lita 15 ko 16: kada a hau babur da shi a baya cike da magani. Yana ɗaga nauyi sama, yana girgiza, in an faɗi kuma maganin a jiki zai zube. A kai ruwa da magani dabam, a haɗa a gona.

Ɗauri da robar tsohon tib kaɗai ba ya isa. Roba tana miƙewa, buhu ya zame gefe ɗaya a tsakiyar hawa, kuma ba mai iya gyara shi a lokacin. A fara da igiya marar miƙewa, zagaye biyu a gicciye, sannan a bi da roba. Bayan an ɗaure, a kama buhun a jijjiga da ƙarfi: in buhun ya motsa babur bai motsa tare da shi ba, a kwance a sake. Adda kuma a naɗe ta cikin buhu a ɗaure a gefe, bakinta na kallon baya. Kada a soke ta a ƙugu ko a ɗora ta a kan cinya.

Saukowa tana da haɗari ƙwarai, don haka bari mu daɗe a kanta. Akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare daga gangaren Mampong har zuwa wanda ke sauka Abono a bakin tafkin Bosomtwe: mutum ya sa babur a firi, wani ma ya kashe inji, wai yana tattalin mai. Man da ake ragewa bai kai a ambata ba, domin injin da aka sakar wa totur ɗan abin da yake sha kaɗan ne. Abin da ake yarwa kuwa shi ne birki mafi aminci da babur yake da shi, wato injin kansa. In babur yana giya 1 ko 2 kuma an saki kuloci, injin ne ke riƙe tayar baya, ba ya zafi, ba ya gajiya. In an bar aikin duka ga birki, musamman irin na ganga da ke cikin taya, fatar birkin tana ɗaukar zafi har ta daina kamawa. Alamarsa ita ce ƙauri, da kuma jin kana ƙara takawa babur yana ƙara gudu. Wanda ya firgita a nan ya buga giya yana cikin gudu, tayar baya sai ta ƙulle nan take, bayan babur ya wulwulo gaba.

Yadda ake yi shi ne, a tsaya cak a saman gangara kafin a fara. A duba hanyar da za a bi har ƙasa, a sa giyar da da ita za a hau wannan tudun in da hawa ake yi, a saki kuloci gaba ɗaya, a bar shi a sake. Matuƙi ya ja jikinsa baya gwargwadon yadda kaya suka bari, gwiwoyi su matse tanki, hannaye su yi laushi. Birki biyu ake amfani da su tare, a hankali. A gangara nauyi yana komawa gaba, don haka tayar gaba ce mai riƙo, kuma wanda ya ce shi ba ya taɓa birkin gaba sam zai yi ta jan tayar baya a ƙulle ba tare da ya tsaya ba. Amma da yatsa biyu ake matsa shi, kamar ana matsa lemon tsami, kuma sai babur yana miƙe. Fizgarsa a kwana ko a kan tsakuwa shi ne ke zame tayar gaba, kuma wannan faɗuwar ba ta ba da sanarwa. A rage gudu kafin kwana, a shiga kwanar da birki a sake ko kusa da haka. In tayar baya ta fara ja, a ɗan sassauta ƙafa har ta koma juyawa. Gudun saukowa da kaya kada ya wuce saurin mutum mai sassarfa. In gudu ya ninka biyu, nisan da ake buƙata kafin a tsaya ninki huɗu yake yi, a gangara ma ya fi haka.

Wani abu da ba a cika faɗa ba: jerin giya ba ɗaya ba ne a duk babura. A wasu firi yana tsakanin 1 da 2, a wasu yana can ƙarshen jeri bayan 1, wasu kuma suna zagayowa daga giyar ƙarshe su faɗa firi. Wanda ya saba da wani babur ya ari wani, taku ɗaya na kuskure a tsakiyar gangara ya ishe shi ya tsinci kansa a firi. Shi ya sa ake zaɓar giya a sama, a tsaye, kuma ba a sake taɓa ta sai an sauka.

Hawa kuma, a zaɓi giya tun daga gindin tudu, yawanci 1 in da kaya, a tafi da totur daidai wa daida ba tare da fizga ba. Jiki ya matso gaba har kusa da tanki, ƙirji ya sunkuyo. Canza giya a tsakiyar hawa shi ne ke kashe inji. A bi tudun a miƙe, kada a yanke shi a karkace. In ruwa ya yanka rami a tsawon hanya, a zaɓi gefe ɗaya a tsaya a kai, domin tayar da ta faɗa ramin ba ta fita da daɗi. A kusa da ƙarshen hawa a sassauta, ba a san abin da ke bayan tudun ba, ko mai itace a ka, ko tumaki, ko wani babur.

In inji ya mutu a tsakiyar hawa, abin da hannu ke so ya yi shi ne ya damƙe kuloci, kuma shi ne babban kuskure, domin da an damƙe shi babur zai fara gangarawa da baya. A bar shi a giya, a saki kuloci, injin da ya mutu zai riƙe tayar baya. A kama birkin gaba, a taka na baya in ƙafa ta samu, don a tudu mai tsayi birkin gaba kaɗai ba ya riƙewa, tayar sai ta ja da baya. A sauke ƙafa ta ɓangaren da ƙasa ta fi kusa, a jingina babur ta wajen tudu, a sauka ta can. Daga nan a kwance kaya tukuna. Sannan a juya kan babur, a riƙa ɗan matsa kuloci ana sakinsa har babur ya koma a gicciye, a karkato da gabansa ƙasa, a sauka a sake hawa daga farko. Mutum ya kasance kullum ta saman babur. In ya ƙwace, a sake shi ya tafi, ana sayar da wani a Suame, unguwar makanikai a Kumasi.

Ratsa gefen tudu a gicciye a guje masa in da hali. In ya zama dole, a babur mai ƙafa biyu nauyi yana kan matakin ƙafar da ke wajen kwari, babur ɗin kuma a ɗan kwantar da shi wajen tudu, haka ne taya ke cizon ƙasa. In za a tsaya, ƙafar wajen tudu ake saukewa. Wanda ya miƙa ƙafa wajen kwari iska zai taka.

Game da aboboya, Alhaji, amsar ita ce tana magance matsalar yawan kaya a hanya mai faɗi da sauƙin gangara, amma a irin hanyar da ka kwatanta tana iya zama mafi muni. Mutane suna ganin ƙafa uku sun fi biyu tsayuwa. A tsaye, haka ne. A tafe kuwa, ka zana layi daga tayar gaba zuwa kowace tayar baya, za ka ga kusurwa uku ce mai tsini a gaba. In ana saukowa aka taka birki ana karya kwana, nauyi yana tafiya gaba da gefe, daidai inda babu taya. Nan take ta kife. Babur mai ƙafa biyu yana kwantawa cikin kwana, mai shi kuma yakan faɗi gefe ya rabu da shi. Aboboya ba ta kwantawa, kuma in ta juya da kayanta a kan mutum take sauka. Ko a ƙasashen da ake kiwo da babur mai ƙafa huɗu haka abin yake: a Ostireliya kifewarsa ta danne manoma da yawa har gwamnati ta wajabta, daga Oktoban 2021, a riƙa sayar da sababbin na aikin gona da ƙarfen da ke hana su danne matuƙi.

In ka auna hanyar ka ga ba ta wuce santimita 15 a mita ba, tana da faɗi, kuma ba ta karkace gefe ba, aboboya za ta yi. Sai a kiyaye: kaya masu nauyi a ƙasa kuma a gaban akwati, kada tsayinsu ya wuce bangon akwatin, kada a tara su a bayan tayoyin baya don gaba zai ɗaga a hawa. In tana da ƙaramar giya ta jan nauyi, a sa ta tun kafin hawa ko sauka. A gefen tudu matuƙi ya karkata jikinsa wajen tudu, akasin yadda ake yi a mai ƙafa biyu. Ba a ɗaukar mutane a kan kaya. Birkin hannu ya zama yana aiki, a kuma riƙa tafiya da guntun katako na tare taya. Yaron da ke bin ta a baya da dutse a hannu don ya tare in ta dawo, a hana shi, ya bi ta gefe. In hanyar ta fi haka tsayi, kuɗin aboboyar ka kashe su a kan hanyar: a yanka magudanar ruwa a gicciye duk bayan 'yan mitoci don ruwa ya daina bin tsawonta, a zuba tsakuwa a wuraren laka, a karkatar da hanya ta zagaya maimakon ta hau tsaye. A wuri mafi tsanani a yi rumfar ajiya a gindin tudu, a hau da rabin buhu sau biyu. Sawu biyu na minti 10 sun fi wata biyu a ɗori.

Babur ɗin kansa, a duba shi kowace safiya, minti 5 sun isa. Hannun birkin gaba ya kama bayan motsin santimita 1 zuwa 2, kada ya taɓo roban hannu. Matakin birkin baya ya kama bayan santimita 2 zuwa 3. In an ɗaure goron birki har ƙarshe, fatar ta cinye, a canza ta, kada a ƙara ɗauri. Mai birkin faifai a duba mansa, a canza shi duk shekara 2, domin tsohon mai yana shan danshi ya tafasa a doguwar gangara. Sarƙa ta yi wasan santimita 2 zuwa 3 a tsakiyarta. Wadda ta saki tana iya sauka a hawa, kuma sarƙar da ta sauka ta tafi da riƙon inji gaba ɗaya. Haƙoran da sarƙa ke hawa in sun yi tsini sun lanƙwashe kamar ƙaya, a canza su tare da sarƙar. Ka ce wa makanike ya rage haƙori ɗaya a na gaba, misali daga 14 zuwa 13: babur zai rage gudu a kwalta, amma ƙarfin ja da riƙon gangara zai ƙaru da kusan kashi 8 cikin 100. Taya a sa mai manyan ƙuraje irin ta daji, gaba da baya, a sa iska da ma'auni daidai da abin da aka rubuta a jikin babur, ba da bugun yatsa ba. Totur ya koma da kansa in an sake shi. Shokazoba da ke yoyon mai ta mutu, kuma ita ce ke sa taya ta riƙa tsalle maimakon ta manne da ƙasa.

Hular kwano ba ta da madadin, ko da tafiyar ta cikin gona ce. Alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yaɗa sun nuna hula mai kyau da aka ɗaure daidai tana rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 42 cikin 100, raunin kai kuma da kusan kashi 69. Wadda ba a ɗaure igiyarta a haɓa ba takan tashi kafin kai ya taɓa ƙasa. Hular leburan gini ba a yi ta don wannan ba. Wadda ta taɓa buguwa da ƙarfi a yar da ita ko da ba a ga tsagewa ba. Takalmi mai rufe idon sawu, ko na roba irin na gona in ya kama ƙafa, ban da silifa. Dogon wando mai kauri saboda salansa. Jallabiya da babbar riga da zani da mayafi, duk abin da ke lilo, sarƙa da sifok suna cafke shi su fizgo mutum ƙasa, don haka a tattare a soke ko a canza kaya.

Sauran kuma tsari ne da kai kaɗai za ka iya kafawa. Ka faɗa musu da bakinka, a gaban juna, cewa duk wanda ya ga hanya ba ta yi ba ya ajiye kaya ya dawo, kuma ba za ka yi faɗa ba. Kada ka biya lebura da yawan sawu ko yawan buhu, domin wannan kuɗi ne kake biya don ya yi lodi ya yi gudu. Bayan ruwa mai ƙarfi a jira ƙasa ta sha iska. Jigila ta ƙare kafin la'asar sakaliya, don a nan da ƙarfe 6 ta wuce duhu yake rufowa da sauri, kuma gajiyar yamma, balle da azumi a baki, tana rage saurin hannu. Wanda ke shan tiramol don ya jure aiki kada ya taɓa makullin. Ba goyo a kan kaya, ba a ba yaro ƙarami. Kowa ya faɗi hanyar da zai bi da lokacin dawowarsa, waya da caji a aljihun da ke rufe, kuma a san wuraren da sabis yake kamawa. Wanda babur ya danne a kwari shi kaɗai, abin da ke cutar da shi sau da yawa shi ne awannin da ya yi ba a san inda yake ba.

In an faɗi, a fara kashe inji. A ɗaga babur daga kan mutum, kada a ja mutum daga ƙarƙashin babur. In yana kukan wuya ko baya, ko ya ce ba ya jin ƙafafunsa, kada a zaunar da shi, kada a cire hular sai in numfashi ya tsaya ko yana amai, a riƙe kansa daidai da jikinsa a kira 112. Jini a danne shi da tsumma mai tsabta, a ci gaba da dannewa ba tare da ɗagawa ana leƙe ba. Ƙunar salansa a zuba mata ruwa mai sanyi na minti 20, ban da man goge baki, ban da baƙin mai. Kada a ba shi ruwa ko abinci in da alamar za a yi masa aiki. Wanda kansa ya bugu, ko da ya tashi yana dariya, in daga baya ya fara amai, ko barci mai nauyi, ko ruɗewa, ko ruwa na fita ta kunne ko hanci, asibiti nan take. Haka wanda kan babur ya soke shi a ciki: saifa tana iya fashewa jini ya riƙa zuba a ciki ba a gani, alamarsa jiri da gumi mai sanyi da ciwon da ke hawa kafaɗar hagu. Asibitin gwamnati na Mampong ya fi kusa da ku, manyan raunuka kuma sashen haɗari na asibitin Komfo Anokye da ke Kumasi ake kai su. Karayar da ƙashi ya huda fata, ko wadda yatsu suka yi sanyi suka canza launi, ba ta mai ɗori ba ce, kuma duk raunin da ƙasar gona ta shiga yana buƙatar allurar tetanus.

Shi kuma ɗan ƙanen naka, kada ya koma kan babur don kawai an cire masa ɗauri. Sai likita ya sallame shi, sannan ka gwada shi a fili: ya matse hannun birki ko kuloci da hannun da ya karye sau 20 a jere ba tare da zafi ko rawa ba, ya kuma iya riƙe babur ɗin in an ɗan karkatar da shi gefe. Satin farko ya bi hanyar ba kaya, da rana, wani yana biye da shi.